Ƙanwar Kainuwa da Mas'alar Tsadar Dusa

Duk wanda ya taɓa ajiye dabba a gidansa da niyyar neman halali, ko kaji ne a akurki, ko tarwaɗa a kwami, ko 'yan awaki a turke, ya san cewa tun kafin cuta ko ɓarawo su hana shi barci, tunanin abin da zai zuba musu da safe ya riga ya hana shi. Gama ma'abota wannan fanni sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa, daga cikin kowace naira goma da mai kiwon kaji ko aladu yake kashewa, shida zuwa bakwai a cikin dabbar suke ƙarewa, tun da yake masara da waken suya da ƙuli-ƙulin da ake haɗa abincin da su, su ne kuma abin da ɗan Adam yake miƙa wa hannu a kasuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya kasance, a 'yan shekarun nan, samari suna ta yaɗa labarin wani ɗan tsiro na kan ruwa da ake kira azola, suna cewa ga abincin dabba na banza ya samu, wanda ba ya buƙatar gona, ba ya buƙatar garma, sai ɗan rami da tamfol da bokitin ruwa. Na zauna na yi nazarin zancen gwargwadon iko, na kuwa tarar akwai gaskiya a cikinsa, amma an yi mata ado har ta kusa ɓacewa a cikin tufafinta.

Wajibi ne in fara da faɗin abin da na san zai sa wani mai karatu ya yamutsa fuska, watau cewa kaso mai yawa na ilmin da duniya ta tara game da ciyar da dabba da wannan tsiro, a wurin masu kiwon alade aka tara shi. Hukuncin naman alade a Shari'a nassi ne bayyananne, ba ya karɓar tawili, ni kuwa ba na kiwonsa, ba na cinsa, ba na kuma kiran kowa zuwa gare shi. Amma wanda ya ƙi sauraron abin da manomin Sin ko na Biyetnam ya gano a kan ciyawa, don kawai dabbar da aka gwada ciyawar a kanta haramtacciya ce a gare shi, ya cuci kajinsa da shanunsa, bai kuwa ƙara wa taƙawarsa komai ba. Bayan wannan, muna da maƙwabta a Kudancin Kaduna da Filato da Numan da ƙasar Zuru waɗanda addininsu bai hana su wannan kiwo ba, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kasuwar aladu ta Kafanchan kuwa tana daga cikin manya a ƙasar nan, har daga Kudu fatake suke zuwa mata kowane mako. Masarar da aladen can yake ci daga Saminaka take fitowa, inda masarar tuwonmu take fitowa, kuma kowane mudu da aka rage masa, mudu ne da ya saura a kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mas'alar ta zama ta kowa da kowa.

Shi dai wannan tsiro ƙarami ne ƙwarai, ɗaya bai wuce faɗin farce ba, ganyayensa suna hawan juna kamar ɓawon kifi, saiwoyinsa siraran zare suna reto a cikin ruwa ba tare da sun taɓa ƙasa ba. In ya yi yawa sai ya rufe fuskar kududdufi kamar an shimfiɗa koren bargo. Wanda ya san kainuwa, wadda Bahaushe ya yi wa kirari da dashen Allah, zai iya ɗaukarsa ƙanwarta, ko da yake a wurin masana tsirrai ba dangi ba ne, domin azola ba ta fure, ba ta 'ya'ya irin na sauran tsirrai. Wani masani Bafaranshe mai suna Lamarck ne ya raɗa mata sunan a 1783. Abin al'ajabi a halittarta, wanda ya isa mai hankali ya yi tasbihi, shi ne cewa a cikin kowane ganye akwai wani ɗan kogo, a cikin kogon kuma akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, dangin gansakuka, wadda ake kira Anabaena. Tsiron yana ba ta masauki da abinci, ita kuwa tana zuƙo naitirojin daga iska tana mayar da shi taki, watau dai aikin da ƙullutun saiwar gyada da wake suke yi a ƙarƙashin ƙasa, shi wannan take yi a kan ruwa. Da yake kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, taskar ba ta ƙarewa. Dalili ke nan da ya sa, idan yanayi ya yi mata daidai, takan ninka kanta a cikin kwana 3 zuwa 5, kuma idan aka busar da ita akan sami kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinta sinadarin gina jiki ne, alhali na masara wajen kashi 9 ne kawai.

Mutanen gabashin Asiya ba jiya suka san wannan ba. Wani malami na ƙasar Sin, Jia Sixie, ya ambace ta a cikin littafinsa na noma wajen shekara ta 540 ta Miladiyya, fiye da shekara tamanin ke nan kafin Hijira. A arewacin Biyetnam kuwa, a lardin Thai Binh, akwai wani ƙauye La Van wanda ya shahara da ita tun ƙarnoni, saboda mutanensa ne suka san sirrin raya irin a lokacin zafi, sa'ad da yake mutuwa a hannun kowa, in sanyi ya shigo sai manoman shinkafa su zo saye. Sun kuwa riƙe sirrin nan a cikin zuriyarsu kamar yadda gidajen maƙera da wanzamai suke riƙe nasu a wurinmu. Manomin can yana watsa ta a cikin fadamar shinkafa, in ta rufe ruwan ya turmushe wani sashe a cikin laka ta zama taki, ya kwashi wani sashe ya haɗa da dusar shinkafa ya zuba wa aladensa da agwaginsa, kashin dabbobin kuma ya koma cikin ruwan, da'irar ta cika ba tare da an sayo komai daga birni ba. Girman matsayinta a wurinsu ya kai ga cewa, lokacin da Pham Tuan, ɗan ƙasar na farko da ya tafi sararin samaniya, ya tashi a kumbon Tarayyar Sobiyet a 1980, azola tana cikin abubuwan da ya tafi da su don gwaji.

Sai dai akwai sauran labarin, wanda masu tallar iri ba sa kaiwa gare shi. Daga shekarun 1980, sa'ad da takin yuriya ya wadata ya yi araha, kuma 'ya'yan manoma suka soma samun aiki a masana'antu, noman azola ya ja da baya ƙwarai a Sin da Biyetnam, a hannun mutanen da suka fi kowa saninta. Tsiron bai canza ɗabi'a ba. Wahalarsa ce aka auna da kuɗin buhun taki, aka ga buhun ya fi sauƙi. Abin da ake kira na banza, ashe, da gumi ake biyansa, kuma ranar da gumi ya fi kuɗi tsada sai a bar shi. Mu a yau muna ɗaya ɓangaren ma'aunin ne, kuɗi ya yi wuya, hannu kuwa ga shi da yawa a gida ba aikin yi, wannan ne ma hujja mafi ƙarfi da nake gani ta cewa lokacin gwada ta ya yi.

Hanyar da ake yaɗawa yanzu ta ɗan rami a bayan gida daga kudancin Indiya ta fito, daga wata cibiya ta Vivekananda Kendra da ke Kanyakumari, domin masu shanun tatsa aka tsara ta. Akan haƙa rami mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, mara zurfi, a inuwar itace. A shimfiɗa tamfol. A baza tankaɗaɗɗiyar ƙasa kilo 10 zuwa 15. A dama kashin shanu kamar kilo 2 da ɗan takin sufa giram 30 a zuba. A cika ruwa ya kai zurfin santimita 10. Sa'an nan a watsa irin, rabin kilo ko kilo guda. Bayan mako biyu ramin ya cika, daga nan kuma ana iya ɗibar kimanin rabin kilo kowace rana, muddin ana ƙara taki a kai a kai, ana kuma sauya ruwa da ƙasa idan sun gaji.

A nan nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri mu yi ɗan hisabi tare, domin hisabi ne yake raba mai nasiha da mai talla. Ɗanyar azola kusan duk ruwa ce: a cikin kilo guda, abin da zai saura bayan an shanya bai wuce giram 60 ba, ko ƙasa da haka, a cikinsa kuwa sinadarin gina jiki kamar giram 15 ne. Alade mai tasowa, wanda ya kai rabin girmansa, yana cin busasshen abinci wajen kilo 2 a yini. Idan aka ce ushirin abincin nan kaɗai za a musanya da azola, giram 200 ke nan busasshe, watau ɗanya fiye da kilo 3, watau amfanin fiye da rami shida, domin dabba ɗaya tak. Mai aladu goma sai ya nemi fiye da rami sittin, da ruwan da zai cika su, da inuwar da za ta rufe su, da yaran da za su riƙa tsamewa safe da yamma. Manomin Biyetnam bai ji wannan nauyi ba saboda fadamarsa duka tafki ce. Mutumin Kagoro ko Kwoi da ke ɗibar ruwa a rijiya zai ji shi tun makon farko. Amma a duba kaza mai ƙwai, wadda cinta bai wuce giram 120 a yini ba: in an ba ta kashi 5 cikin ɗari, ɗanya giram 100 ya ishe ta, rami guda ya ɗauki kaji biyar, rami huɗu ya ɗauki ashirin, ga kuma fa'idar da masu kiwo suka shaida, cewa kwanduwar ƙwan takan yi ja saboda launin da ke cikin ganyen. Hisabin da aka fara dominsa a kan alade, sai ga shi ya fi yi wa matar aure mai kaji a tsakar gida daɗi.

Ko da ramukan sun wadata ma, cikin dabba yana da haddi. Alade da kaza ba su da tumbi irin na saniya da akuya, ba sa tuƙa, ba su iya narkar da ciyawa mai zare da yawa. Azola kuwa tana da zare da toka, kuma ba duk sinadarin da awo ya nuna a cikinta ne jiki yake iya tatsa ba. Masu bincike a ƙasar Kolombiya, waɗanda suka gwada ta a kan aladu suna auna abin da ya shiga da abin da ya fita, sun tarar tana da ma'adinai masu amfani, amma ƙarfin da jiki ke samu daga gare ta kaɗan ne, kuma in ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abincin, narkewar sauran abincin ma sai ta ragu. Ma'ana dai, azola miya ce, tuwo yana nan inda yake. Wanda ya zuba wa dabbarsa ita tsura, ya janye dusa da masara, zai ga ciki ya cika, ƙugu ya rame, wata shida ya zama wata tara, kuɗin da ya yi zaton ya tsimi kuwa ya biya shi da kwanaki. Na ga wani saurayi a hoton wayar hannu yana rantsuwa cewa da ita an rabu da sayen abinci har abada, yana kuma sayar da ɗan kofi na irin a kan farashin da ya kusa na tiyar masara. Ban ce maƙaryaci ne ba, watakila shi ma haka aka gaya masa, amma mubalaga a cikin ciniki garari ce, talakan da ya saya a kan wannan alkawari kuwa, in ya ga saɓaninsa, ba saurayin kaɗai zai ƙi ba, har tsiron zai tsana, ya kuma hana maƙwabcinsa gwadawa.

Sa'an nan ga mas'alar zafi, wadda a ganina ita ce uwar mas'aloli a ƙasarmu. Azola tana jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30 a ma'aunin zafi. In ruwa ya haura 35 sai ta soma ja, ta daina yaɗo, in abin ya ci gaba ta ruɓe ta nutse. Ka tuna fa sirrin mutanen La Van ba komai ba ne illa yadda za a tsallake da ita bazara. To, wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, sa'ad da ma'auni yake wuce 40, ruwan randa ma yana ɗumi, ya san abin da zai sami ruwa mai zurfin yatsa a kan baƙin tamfol. A daidai wannan lokaci ne kuwa harawa take ƙarewa, dusa take tashi, watau ran da aka fi buƙatarta ran ne ta fi rauni. Jos da Kafanchan da tsaunin Mambila sun fi mu sa'a a nan. Mu na Arewa mai nisa sai mun nemi dabara: rami mai ɗan zurfi, rumfar zana ko inuwar darbejiya wadda za ta tace rana ba ta toshe ta ba, da ajiye ɗan iri a wuri mai sanyi don kada a wayi gari an rasa na sake farawa. Kuma kada a manta da sufa, gama naitirojin ne kaɗai take samu daga iska, fosfaras kuwa dole a ba ta. Haka nan ramin da ya rufu sosai yana hana sauro sakewa, har Turawa suka laƙaba mata suna da sauron, amma ramin da aka yi sakaci ya yi gibi-gibi, gidan sauro ne a ƙofar ɗaki.

Akwai kuma tsoron da bai kamata a raina mai yinsa ba. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda kachala ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mafakar jan baki. Masunta a kogin Kwara da Legas kuma sun sha fama da baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure wadda ta shigo ƙasar a shekarun 1980 ta hana jirage wucewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma a wannan karon tsumman yana da ɗan motsi. Wani nau'in azola na ƙasashen Amurka, wanda ake kira filikuloyidis, ya ɓalle a Afirka ta Kudu ya rufe madatsun ruwa, yana kashe kifi, dabbobi suna faɗawa suna zaton ƙasa ce, har sai da hukuma ta shigo da wani ɗan ƙwaro daga asalin ƙasarsa ta sake shi a 1997 kafin aka shawo kansa. Alhali kuwa nahiyarmu tana da nata na gado, nau'in finata, wanda yake nan a fadamun Afirka ta Yamma tun fil azal, da wani babba na kwarin Nilu. Ka'idar malamanmu ta gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan janyo amfani a nan take aiki: a nemi irin gida, a tsare shi a rami, kada a zubar da ragowarsa a kogi ko dam, kada kuma kowa ya cuso mana irin da ba a san asalinsa ba a cikin jakar tafiya.

Game da tsarki, tun da na san za a tambaya, a mazhabarmu ta Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, saboda haka ramin da aka yi da kashin shanu babu shubuha a cikinsa. Bal ma malamai sun tafi a kan cewa shukar da aka shayar da najasa ita kanta mai tsarki ce, a wanke abin da ya taɓa bayanta kawai. Wankin nan kuwa likitan dabbobi ma zai yi umurni da shi, domin dabba takan ƙi warin kashin, kuma ƙwan tsutsar ciki yana bin ruwa. Ga maƙwabtanmu masu aladu hadarin ya fi girma, saboda zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Nijeriya tun daga 1997, ba shi da magani, kuma yana bin kashi da kwano da takalmi. Mai karɓo irin azola daga ramin da aka tada da kashin garken wani, yana iya ɗauko ajalin garkensa a cikin leda.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, kuma ba a wurin talaka nake nemansa ba, tun da shi ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita. Muna da cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Shika, da ta aikin gona a Samaru tare da sashenta na malaman gona, da ta likitancin dabbobi a Vom, dukansu an kafa su ne domin irin wannan tambaya. Ƙungiyar bunƙasa shinkafa ta Afirka ta Yamma ta taɓa gwada azola a kwarin kogin Senegal a shekarun 1980, cibiyar shinkafa ta duniya da ke Los Banos a Filifin kuma ta tara nau'o'inta masu yawa, watau ba daga farko za a fara ba. A haƙa ramuka a Shika da Vom da Sakkwato da Haɗeja, a zuba irin da aka tsamo daga fadamunmu, a auna abin da kowane rami ya bayar wata bayan wata har shekara ta zagayo, a ƙirga bokitin ruwan da ya sha da sa'o'in da ya ci, a ciyar da kaji da tarwaɗa da shanun tatsa, a Vom kuma a ciyar da aladu tare da dusar burkutun da masu su suka saba ba su, sa'an nan a fito a rediyo a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa, da mudu da tiya da naira, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ni kam, a cikin rahoton duka, shafin watan Afrilu na ramin Sakkwato zan fara buɗewa.